2.4 Wasan Macbeth Daga Dandamali Zuwa Silima

Wannan sashe zai bi diddigin yadda wasan kwaikwayon Macbeth na William Shakespeare ya fita daga dandamali ya shiga silima, da kuma abin da masu shirya fim suka riƙe ko suka yar daga cikinsa.

An rubuta wasan wajajen shekarar 1606, zamanin Sarki James na Ɗaya, wanda yake sarautar Sikotilan kafin ya hau gadon Ingila a 1603. An fara buga shi a 1623, bayan rasuwar marubucin da shekara bakwai. Shakespeare ya samo labarin ne daga littafin tarihi na Holinshed, amma ya sauya shi. Macbeth na tarihi ya kashe Sarki Duncan a fagen yaƙi a 1040, ya yi mulki har 1057. A cikin wasan kuwa, a gidansa ya kashe sarkin yana barci, alhali baƙonsa ne. Wannan sauyi shi ya mayar da jigon wasan cin amana da kwaɗayin sarauta.

Idan aka nazarci zubi da tsarin wasan, za a tarar ya dogara kan abubuwa uku: duban da bokaye mata uku suka yi wa tauraron, da zugar matarsa, da zancen zucin da yake yi shi kaɗai a gaban 'yan kallo. Na ukun shi ya fi ba masu fim wahala, domin hoto ba ya jure dogon jawabi kamar dandamali.

Orson Welles na Amurka, a fim ɗinsa na 1948, bai yi nisa da kalmomin wasan ba. Akira Kurosawa na Japan kuwa, a 1957, ya yar da baitocin Shakespeare gaba ɗaya. Ya mayar da labarin zamanin yaƙe-yaƙen sarakunan Japan, ya sa wa tauraron suna Washizu, bokayen uku suka koma aljana guda mai kaɗi a cikin kurmi. Hazo da shiru da fuskokin 'yan wasa su suka ɗauki aikin zancen zuci. A ƙarshe sojojin Washizu ne da kansu suka kashe shi da kibau, abin da babu shi a wasan.

Haka kuma, Roman Polanski a 1971 ya nuna kisan Duncan ƙiri-ƙiri, alhali a wasan bayan fage ake yin sa, 'yan kallo ba sa ganin komai sai jini a hannun Macbeth. A Indiya, Vishal Bhardwaj ya fitar da Maqbool a 2003, inda fadar sarki ta koma gidan uban 'yan daba a Mumbai, bokayen kuma suka zama 'yan sanda biyu masu duban taurari. Joel Coen a 2021 ya komo ga kalmomin asali, Denzel Washington ya fito a tauraro, mace guda ta taka rawar bokayen uku.

Bisa waɗannan misalai, za a iya cewa ba harshen wasan ne ya fi yin tasiri a silima ba, tun da Kurosawa da Bhardwaj sun yar da shi, labarin kuma bai rushe ba. Abin da kowane darakta ya riƙe shi ne tambayar da wasan ya ɗora: shin duban bokaye ne ya jefa Macbeth cikin halaka, ko kuwa abin da yake zuciyarsa tun farko suka furta masa? Da wannan ma'auni za a duba waɗannan finafinai ɗaya bayan ɗaya a babi na gaba.