Ɗan kwaɗon Tajiri

Mai karatu, in damina ta yi tsakiya, tafi bakin tabki ka duba cikin ruwa. Za ka ga ƴaƴan kwaɗi suna iyo, daga kai sai wutsiya. Kama ɗaya ka birkice shi bisa tafin hannunka. Za ka ga wani zane a cikinsa, a naɗe kamar gammo. Hanjinsa ne kake gani, don fatar cikin ba ta da kauri.

To, riƙe wannan zane a zuciyarka. Za mu tafi da shi nesa, har ƙasar Japan, can gabas inda rana ke fitowa.

A shekara ta 1965 aka haifi wani yaro, sunansa Satoshi Tajiri. Ya tashi a Macida, yamma da babban birnin Tokiyo. A lokacin nan Macida tana da gonakin shinkafa da tabkuna da kurmi. Yaron nan ba shi da aiki sai kamun ƙwari. Ya ɗaga dutse, ya leƙa kogon itace, ya shiga ruwa. Har abokansa suka laƙaba masa suna, wai likitan ƙwari.

Yana cikin girma sai birni ya iso garinsu. Aka cike tabkuna, aka sare itatuwa. Aka zuba kwalta da siminti, aka gina gidaje da kantuna. Ƙwari suka yi wuyar gani. Wanda ya taɓa ganin birni ya cinye gonar ubansa ya san zafin wannan abu.

Da Tajiri ya rasa tabki, sai ya koma ga wasannin na'ura, irin waɗanda ake latsawa hoto yana motsi bisa gilashi. Ya so su ƙwarai, har ya riƙa rubuta wata ƙaramar jarida a kansu, da hannunsa. Sunanta Game Freak. Wani mai zane, Ken Sugimori, ya karanta ta, ya neme shi, suka zama abokan aiki. A 1989 suka mai da jaridar kamfanin yin wasanni.

A wannan shekara kuma kamfanin Nintendo ya fito da Game Boy. Ƙaramar na'urar wasa ce ta riƙewa a hannu, tana aiki da batir. Ana iya haɗa biyu da waya, mutum biyu su yi wasa tare. Da Tajiri ya ga wayar, sai ya riƙa ganin kamar ƙwari suna bin ta, daga wannan na'ura zuwa waccan. Nan dabara ta zo masa: a yi wasan da yaro zai shiga daji ya kama halittu, ya yi kiwonsu, ya yi musaya da abokinsa. Abin da birni ya hana yara, a ba su shi ko da a hoto ne.

Faɗa da baki ba wuya. Aikin ya ci shekara 6. Kuɗi suka ƙare, ma'aikata 5 suka yi tafiyarsu. Tajiri bai ɗauki albashi ba, ubansa ne ke ciyar da shi. Sai ran 27 ga watan Fabrairu na 1996 wasan ya fito. Shi ne ake kira Pokémon. Halittu 151 ne a ciki. Kada ka ce aljannu ne, ko dabbobin Japan. Mutane ne suka zana su.

Na 60 a jerin shi ne namu. Japanawa na ce masa Nyoromo, a Turanci kuwa Poliwag. Shuɗi ne, kewayayye, da wutsiya da ƴan ƙafafu biyu waɗanda bai iya tafiya da su sosai ba. A farin cikinsa akwai baƙin zane a naɗe. Ka gane shi? A 1999 Tajiri ya gaya wa mujallar Time cewa ya sa zanen ne don ya tuna da hanjin ƴaƴan kwaɗin da yake kamawa yana yaro.

Ɗan kwaɗo kan rikiɗa ya zama kwaɗo, haka ma halittun wasan in an yi kiwonsu. Amma ga abin dariya. A wasan farko Nyoromo ya rikiɗa sau biyu, ya yi hannuwa, ya yi ƙarfi kamar ɗan kokowa, bai zama cikakken kwaɗo ba. Sai a 1999 aka ƙara masa wata hanya, ya zama koren kwaɗo mai suna Nyorotono, wato Politoed. Shi ne sarkinsu. A wasan na 1999 ba ka samunsa ta kiwo kai kaɗai. Dole ka miƙa wa abokinka halittarka ta waya, tana riƙe da wani dutsen sarauta, kana ta rikiɗa a hannunsa. In abokin ya ƙi maido maka, to, ka yi asara. A ganina wannan ya fi komi kama da wasan yara na gaskiya.

Daga baya an zana wasu kwaɗi. Wani mai suna Greninja, wanda ya fito a 2013, shi ya zo na ɗaya a ƙuri'ar da masu wasan suka jefa a 2020. Yanzu halittun sun wuce 1000.

Macida kuwa ta zama birni mai mutum fiye da 400,000. A 2020 aka kafa wasu marufan ƙarfe 6 a wani lambun shaƙatawa na garin, irin na rufe ramin magudanar ruwa. Kowane da zanen halittun Tajiri. Ɗaya daga ciki yana ɗauke da Nyoromo da gammonsa a ciki.