Garabasar Sabon Shiga: Daga Layin Waya Zuwa Na'urar Gwajin Manhaja

A watan Agustan 2001 Econet da MTN suka fara sayar da layin salula a Najeriya, Jihar Gombe ba ta ma cika shekara biyar da kafuwa ba. Layi ɗaya yakan kai naira 20,000, kiran minti guda naira 50, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Babu wanda ke lallashin kowa. Mai saye ke bin mai sayarwa. Da sabis ya iso mana, ina cikin waɗanda suka kafa tebur da lema a bakin titi nan Bagadaza, wayata ɗaure da igiya a ƙafar teburin, mai kira na magana ina kallon agogo.

Lallashi ya fara ne da zuwan Glo a watan Agustan 2003, da lissafinsa na daƙiƙa-daƙiƙa. Sauran kamfanoni da suka ce hakan ba zai yiwu ba suka bi sahu nan da nan. Farashin layi ya yi ta faɗuwa har ya zama kusan kyauta. Aka shigo da kiran dare, samari suka daina barci. Etisalat ya zo a 2008 ya ce kowa ya zaɓi lambar da yake so a jerin 0809. Daga nan wata ɗabi'a ta kafu: mutum ya sayi sabon layi, ya cinye garabasar da ke ciki, ya jefar, ya sayi wani. Na sha share ɓawon layuka a ƙofar shago da safe. Cunkoso ya yi yawa har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta haramta wa kamfanoni garabasa da gasar cin kyauta a watan Nuwamban 2012. Abin da ya karya sayi-jefar ɗin nan sosai shi ne haɗa layi da lambar ɗan ƙasa a Disamban 2020, zamanin da ɗan garin nan, Isa Ali Pantami, ke ministan sadarwa.

Tun a lokacin wani abu ke damuna. A kasuwarmu, mai awon hatsi yana zuba gyara ne ga wanda ya daɗe yana saye a wurinsa, wanda ya san gidansa da yawan iyalinsa. Kamfanonin nan kuwa baƙo suke wa gyara. Wanda ya shekara goma yana loda kati shi ke biyan cikakken kuɗi, wanda ya shigo jiya a ninka masa.

Daga tebur na koma shagon kwamfuta. Muna buga takardu, muna cike wa ɗalibai fom ɗin JAMB, muna duba sakamakon WAEC, da dare kuma mu sayar da awanni da rahusa ga masu kwana a intanet. An kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, ta Tarayya da ke Kashere a 2011, ɗalibai suka ƙaru. A 2010 wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 da suka sauka a Legas suka fara aiki, data ta fara araha, intanet ta koma aljihun kowa, shaguna irin nawa suka yi ta rufewa. Amma cikin yaran da suka kwana a kan kujerunmu akwai waɗanda ba hira suke zuwa yi ba. Su ne yau ke rubuta wa makarantu manhajar sakamako, suna yi wa 'yan kasuwa ta lissafin kaya, wasu ma suna wa kamfanonin Legas da Turai aiki daga ɗakunansu a Tudun Wada da Bolari da Jekadafari. Ɗan ƙanwata na cikinsu, a wurinsa na fahimci abin da suke kira CI.

Ga yadda yake. Mutum uku ko huɗu na rubuta manhaja ɗaya, kowa da ɓangarensa. Duk wanda ya tura gyaransa, wata kwamfuta a can wata ƙasa za ta ɗauko aikin gaba ɗaya, ta haɗa, ta gwada shi da gwaje-gwajen da aka tanada. In komai lafiya, alamar kore ta fito. In wani ya ɓata wani abu, ja ta fito kafin ɓarnar ta kai ga mai makaranta ko mai shago. Na ga yaron nan ya tura gyaran layi biyu kacal a lissafin maki, ja ta fito, ashe gyaran zai mayar da duk ɗalibin da bai rubuta jarrabawa ɗaya ba ya zama na farko a aji. Ya ce da ni, "Kawu, da ba don wannan ba, da gobe iyaye sun cika ofishin hedimasta." Wannan kwamfuta mai gwaji haya ake yi, da minti ake lissafi, da dala ake biya.

Tarihin hayar kuwa ya bi sawun na layin waya. Da farko kowa kan kafa tasa, da manhaja irin Hudson wadda Kohsuke Kawaguchi ya rubuta, wadda ta rikiɗe ta zama Jenkins a 2011. A shekarar ce Travis CI ya fito daga Berlin ya ce duk mai aikin da ya buɗe wa jama'a ya zo ya yi gwaji kyauta. Duniya ta ruga. Kamfanin Idera ya saye shi a farkon 2019, a Nuwamban 2020 aka sauya tsarin farashi, kyautar da ba ta da iyaka ta ƙare. Kafin nan Microsoft ya sayi GitHub, inda masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, a 2018 kan dala biliyan 7.5, a Nuwamban 2019 kuma GitHub Actions ya buɗe ga kowa da minti 2,000 kyauta duk wata. GitLab ya rage nasa daga minti 2,000 zuwa 400 a Oktoban 2020, a 2021 ya fara neman katin banki daga sababbin shiga, domin masu haƙar kuɗin kirifto sun yi ta buɗe asusun ƙarya suna cinye mintunan. Heroku, inda ɗalibai da yawa suka fara ɗora aikinsu, ya rufe tsarinsa na kyauta ranar 28 ga Nuwamban 2022. Garabasar sabon shiga ita ba ta gushe ba: Google Cloud ya yi ta ba da dala 300 na kwana 90, DigitalOcean dala 200 na kwana 60.

A nan matsalar tamu ta bambanta da ta Bature. Kyautar tana neman katin da ke biyan dala. A 2022 bankunan Najeriya suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa. A tsakani, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Hayar dala 10 da yaro ya yi wa mai makaranta lissafi da ita ta ninka sau uku, shi kuwa mai makaranta da naira ya yi ciniki.

Da yamma yaran nan masu rubuta manhaja sukan taru a shagona, ra'ayinsu bai taɓa zama ɗaya ba. Akwai masu cewa a ci garabasa duk inda take, in ta ƙare a kwashe kaya a koma gaba. Akwai wata ɗaliba, mafi natsuwa a cikinsu, da ke cewa kwanakin da ake ɓatawa wajen ƙaura sun fi kuɗin hayar tsada, gara a zauna cikin mintunan GitHub a rage gwajin da ba dole ba. Wani kuma ya fi son ƙaramar saba mai arha a Turai, irin ta Hetzner ta Jamus, ya biya abin da ya sani duk wata. Kashi na huɗu suna cewa a haɗa tsohuwar kwamfuta a gida ta riƙa yin gwajin, tunda GitHub da GitLab duka sun yarda da haka. Waɗannan su suka fi shan wuya a Oktoban 2024, da yawancin Arewa ta kwashe kwanaki babu wuta, ga fetur ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023.

Ba na zargin mai cin garabasa. Ba don ita ba, da yaran unguwar nan da dama ba su taɓa ganin aikinsu a intanet ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne buɗe asusu biyar da sunaye daban-daban. Ha'inci ne, kuma irinsa ya sa aka fara neman kati, ƙofa ta rufe wa ƙannensu. Na biyu, aikin da wani ya biya kuɗinsa bai kamata a ɗora shi kan kyautar kwana 60 ba tare da ya sani ba. Ranar da kyautar ta ƙare, sakamakon ɗalibai 'yan wasu mutane ne zai ɓace.

Ɗan ƙanwata ya sauya yadda yake ciniki. Yanzu takardar yarjejeniyarsa layi biyu take da su: kuɗin aikinsa da naira, kuɗin haya kuma da dala, a farashin ranar biya. Gwaje-gwajensa yana rubuta su yadda za su yi aiki a kowace kwamfuta, ko ta haya ko tasa, don in farashi ya sauya ya iya tashi cikin yini guda. Masu makarantu biyu sun ƙi tsarin, suka koma wurin wanda ya ce musu haya kyauta ce. Sauran sun sa hannu.