Daga Sikelin Bature Zuwa Kwanon Awo

Kakana bai taɓa yarda da sikelin Bature ba, amma a kansa ya ci abinci. Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, Turawan Ingila auduga suka so don masaƙun Lankasha. Manoma suka duba farashi, suka shuka gyaɗa. Kamfanoni irin su John Holt, da UAC da aka kafa a 1929, suka riƙa ba dillalai bashin kuɗi da atamfa da gishiri, su kuma su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa. Ta wannan hanya Alhassan Ɗantata ya ƙara bunƙasa.

Wannan tsarin bashi ne ya zauna mana, ba kantin Bature mai farashi a rubuce ba. Ko da Shoprite ta buɗe a Ado Bayero Mall a 2014, nan kusa da mu a Gyaɗi-Gyaɗi, yara suka fi zuwa, don hoto da sanyin ciki. Cefane kuwa sai Kasuwar Tarauni, inda mahaifiyata ke taya kwanon shinkafa, mai awo ya ce "Hajiya, albarka," daga baya ya sallama, ya jira kuɗinsa ƙarshen wata.