Yadda ake bin sawun kakannin da suka yi aikin soja a yaƙe-yaƙen duniya

A gidaje da dama na arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar da Gana akan ji ana cewa kakan wane ya je Yaƙin Bama, ko kuma ya yi Yaƙin Hitila. Sau da yawa labarin bai wuce nan ba, sai dai wata tsohuwar lambar yabo ko hoto da aka adana a cikin adaka.

Yanzu da aka haura shekara 80 da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, kusan dukkan mazan jiyan sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu ma sun manyanta. Duk da haka ana iya gano inda mutum ya yi aiki da abin da ya same shi, muddin an san abin da za a nema da kuma inda za a nufa.

Su wane ne suka tafi?

Turawan Ingila sun kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897 a ƙarƙashin Lugga, wadda daga baya aka fi sani da RWAFF. Ta ƙunshi sojojin Najeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, da Saliyo da Gambiya. Yawancin sojojin ƙasa na Najeriya daga arewa aka ɗebo su, kuma an daɗe ana amfani da Hausa a matsayin harshen bariki.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya sun gwabza da Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, inda garin Garwa ya faɗi a watan Yunin 1915, dutsen Mora kuma a watan Fabrairun 1916. Daga nan aka kai wata birged ta Najeriya Afirka ta Gabas, inda ta yi asarar mutane da yawa a gumurzun Mahiwa cikin watan Oktoban 1917.

A Yaƙin Duniya na Biyu an fara tura su yaƙar Italiya a Somaliya da Habasha, kuma birged ta 23 ta Najeriya ce ta shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941. A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82, aka kai su Indiya, sannan Bama, domin yaƙar Japan. An ƙiyasta cewa 'yan Afirka ta Yamma kimanin dubu 90 ne suka je wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Akasarinsu sai a 1946 suka komo gida.

Sunayen wasu barikoki suna tunatar da wannan tarihi, kamar Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Cindit a Zariya, da Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, da kuma sansanin Bama a birnin Ankara na ƙasar Gana.

A fara daga gida

Matakin farko shi ne zama da dattawan gida, musamman tsofaffin mata, waɗanda galibi su ne suka fi riƙe irin waɗannan labarai. Ya kamata a ɗauki muryarsu, a kuma rubuta duk sunan gari ko kogi ko Bature da suka ambata, ko da lafazin ya jirkice.

Tambayoyin da suka fi amfani su ne: a wane gari aka ɗauke shi, a zamanin wane sarki ko hakimi, shekara nawa ya yi bai dawo ba, wane muƙami ya kai, farabiti ne ko kofur ko saje ko samanja, kuma wane aiki ya yi. Ba kowa ne ya riƙe bindiga ba. Akwai direbobi da ma'aikatan asibiti da masu aikin sadarwa, da dubban masu ɗaukar kaya a ka cikin dazuzzukan da mota ba ta shiga.

Daga nan sai a binciki adaka da tsofaffin akwatuna. Abin da ya fi kome daraja shi ne takardar sallama ko takardar fansho, domin a kansu ake samun lambar soja. Lambobin sojojin Najeriya na Yaƙi na Biyu sukan fara da haruffan NA, na Gwalkwas kuma da GC. Wannan NA ɗin ba ta da alaƙa da En'e.

Matsalar suna

Dalilin da ya sa lambar ta zama mabuɗin bincike shi ne yadda aka rubuta sunaye. Akawun soja yakan rubuta sunan yanka ne ya haɗa da sunan gari ko na ƙabila, don haka a bataliya guda ana iya samun Musa Kano ko Garba Sakkwato fiye da ɗaya. A Gwalkwas kuwa akan ga sunaye masu ƙarewa da Moshi ko Gurunshi ko Hausa.

Rubutun ma ba shi da ƙa'ida ɗaya. Muhammadu kan koma Momadu ko Mamadu, Audu ya koma Awudu, Sakkwato ta koma Sokoto. Wasu kuma sun ba da sunan da ba nasu ba ne, ko sunan garin da aka ɗauke su maimakon na mahaifarsu. Saboda haka mai bincike sai ya gwada kowane salo, kada ya yanke hukunci da suna kawai.

Abin da lambobin yabo ke faɗa

Lambobin yabo na Ingila na Yaƙi na Ɗaya suna ɗauke da lamba da muƙami da sunan mai su da rundunarsa, an zana a gefe ko a baya. Na Yaƙi na Biyu kuwa an raba su ne ba suna, in ban da na jarumtaka.

Amma ko da babu suna, ƙyallen da ke jikinsu yana da bayani. Tauraron Bama yana da ja a tsakiya, da shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo a gefe. Tauraron Afirka kuwa launin rairayi ne da jan ratsi a tsakiya, kuma an ba da shi har ga waɗanda suka yi yaƙin Habasha da Somaliya.

Tsohon hoto ma yana iya taimakawa idan bajon kafaɗa ya fito. Alamar runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ce, ta runduna ta 82 kuma masu biyu ne da aka gicciya a kan gammo.

Idan bai dawo ba

Ga wanda ya rasu a bakin aiki, wurin dubawa na farko shi ne hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wadda ake kira CWGC, aka kuma kafa ta a 1917. Tana da rajista a intanet da kowa zai iya dubawa kyauta, da suna ko da lamba, ta nuna ranar rasuwa da runduna da inda kabarin yake.

An binne sojojin Afirka ta Yamma a maƙabartar Taukkyan da ke arewa da Yangon, da kuma Citagon da Mainamati a Bangaladash ta yanzu. Waɗanda ba a san kabarinsu ba an zana sunayensu a ginin tunawa na Rangun da ke Taukkyan, mai ɗauke da sunaye kusan dubu 27.

Sai dai rashin ganin suna ba ya nufin labarin gida ƙarya ne. A watan Afrilun 2021 wani kwamiti da hukumar ta kafa ya ba da rahoton cewa aƙalla mutum dubu 116, mai yiwuwa har dubu 350, da suka mutu a Yaƙi na Ɗaya, akasari a Afirka ta Gabas da Masar, ba a rubuta sunayensu ba. Wasu dubu 45 zuwa 54 kuma, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma, ba a karrama su daidai da Turawa ba. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a gaban majalisar dokoki.

Kundayen da ke Landan

Mutane da yawa suna zaton fayil ɗin kowane soja yana Ingila. Galibi ba haka ba ne, domin takardun aikin ƙananan sojojin Afirka an bar su ne a ƙasashen da aka ɗauke su. Abin da ke gidan adana takardun tarihi na Birtaniya a unguwar Kew shi ne kundayen rundunoni.

Mafi muhimmanci su ne littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum. Na fagen Bama suna rukunin WO 172, na Afirka ta Yamma a WO 173, na Yaƙi na Ɗaya kuma a WO 95. Ba kasafai suke ambaton farabiti da suna ba, amma suna nuna inda bataliyar ta kwana, da ranar da aka kai mata hari, da yawan waɗanda aka rasa.

A nan ne sanin bataliya ke da amfani. Bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 da ta 5 da ta 9 da ta 10 na Najeriya suna cikin runduna ta 82, wadda ta shiga Myohaung a watan Janairun 1945. Ta 4 tana cikin runduna ta 81 da ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan. Ta 6 da ta 7 da ta 12 kuwa su ne aka haɗa da dakarun Cindit na Janar Wingate, aka sauke su da jiragen sama a bayan dagar Japanawa a 1944.

Wanda ya sami lambar jarumtaka, ana iya samun takardar da kwamandansa ya rubuta yana bayyana abin da ya yi a rukunin WO 373, kuma ana iya neman sunan ta intanet.

A gida Najeriya

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa, wanda Farfesa Kenneth Dike ya jagoranci kafa shi a 1954, yana da reshe a Kaduna, inda fayilolin lardunan Arewa suke. A cikin wasiƙun Razdan da Di'o da En'e akan ci karo da batun ɗaukar soja, da kuɗin da ake biyan iyalai, da koke-koken mazan jiya bayan sallama. Gidan Arewa da ke Kaduna shi ma cibiya ce ta binciken tarihin yankin, kuma tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, suna ɗauke da labaran yaƙin da Hausa.

Ofishin adana bayanan ma'aikata na sojan ƙasa yana Lakwaja, a barikin da aka sa wa sunan Chari Maigumeri. Tarihin wannan samanja kansa ya nuna yadda sawun soja guda kan ratsa ƙasashe: ya fara aiki da Jamusawa a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga sojan Najeriya, ya je Afirka ta Gabas da Habasha da Bama, ya yi ritaya a 1953. Ofisoshin ƙungiyar tsofaffin sojoji a jihohi su ma wuri ne da ya kamata a tuntuɓa.

Ɓangaren Faransa

Ga mutanen Nijar da Cadi hanyar daban ce. Kakanninsu sun yi aiki ne a rundunar da Faransa ta kafa a 1857 ta kira 'yan bindigar Senegal, ko da yake daga ƙasashe da yawa aka ɗebo su. Saɓanin Ingila, Faransa tana riƙe da takardun ɗaiɗaikun sojoji masu yawa a cibiyar adana bayanan sojoji da ke garin Pau, kuma ana rubuta mata wasiƙa da suna da lamba da wurin da aka ɗauki mutum.

Ma'aikatar tsaron Faransa tana kuma da shafin intanet mai suna Mémoire des hommes, inda aka jera waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen biyu. Ga waɗanda Jamus ta kama a 1940, hukumar agaji ta Red Cross a Janeba tana da bayanan fursunonin yaƙi.

Abin da ake iya samu

Wani lokaci binciken yakan kai nesa. Isaac Fadoyebo, ɗan Najeriya da Japanawa suka raunata a bakin kogin Kaladan a watan Maris na 1944, ya rayu ne saboda wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da abokinsa ɗan Saliyo tsawon watanni. Bayan fiye da shekara 60, ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawun labarin har ƙauyen, ya iske iyalan manomin, ya kai musu wasiƙar godiya daga Fadoyebo, wanda ya rasu a 2012.

Ba kowane bincike ne zai kai haka ba, kuma da yawa za su tsaya ne a lambar bataliya da sunan wani kogi. Amma takardun da ke Kew da Kaduna da Pau suna nan a ajiye, ana iya komawa gare su a kowane lokaci. Tsohuwar da ta san ranar da mahaifinta ya dawo, da abin da ya riƙa faɗa a zaure, ita ce ba za a samu ba idan aka jinkirta.