Mummunan Akwatin da Ya Ƙi Mutuwa

Kwanakin baya tsohuwar kwamfutata ta tebur ta ƙi tashi, ga hotunan iyali na shekaru masu yawa a cikinta. Yara suka ce, "Baba, a jefar da wannan mummunan akwati mana." Na ƙi, na ɗauke ta daga Agege zuwa kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Mai gyara ya kwance noti, ya canja na'urar da ke raba wuta, sai ga ta ta tashi. Wannan sauƙin gyara kuwa yana da tarihi.

A 1975, lokacin da Altair 8800 ta fito a Amurka, ba ta da allon kallo ko na rubutu, sai ƴan makunnai da fitilu. A 1977 Apple II ta zo cikin rigar roba wadda Jerry Manock ya tsara, don ta yi kama da kayan gida. Commodore 64 ta 1982 kuma an cusa komai nata a ƙarƙashin allon rubutu, sai dai ka jona ta da talabijin.

Amma wadda ta haifi tawa ita ce IBM PC ta 1981. Da kayan wasu kamfanoni aka harhaɗa ta, aka bar ramuka a ciki don ƙarin kaya, aka kuma wallafa bayanin tsarinta. Nan da nan irin su Compaq suka shiga kwaikwayo. A 1995 Intel ya fitar da ma'aunin ATX, wanda ya sa kayan wannan kamfani ke zama daram a akwatin wancan.

Apple ya bi wata hanya daban. Macintosh ta 1984 a rufe take ruf, sai da dogon sukurudireba na musamman ake buɗe ta. iMac ta 1998, wadda Jony Ive ya tsara, shuɗiya ce garai-garai har ana hango cikinta. Gaskiya ta yi kyau, ba musu.

To amma jama'a, a inda wuta ke zuwa da ƙarfi ta ƙona kaya, kuɗin sabuwa kuma ba kowa ke da shi ba, ni dai na fi son wadda makwabcina zai iya buɗewa ya gyara. Hotunan nan tuni na kwafe su wuri biyu. Akwatin kuma yana nan kan teburinsa.

Allah Ya sa mu dace.