Wayarka lafiya lau take, shafin ne ya tsufa

Jama'a, kwanaki wani malamin lissafi ya kawo min wayarsa shago, wai ta lalace. In ya buɗe wani tsohon shafin lissafi rubutu yana fitowa, amma inda zane ya kamata ya motsa sai fili fari fat. Na duba, wayar ba ta da laifin komai. Bari ka ji asalin abin.

A 1996 wani masanin lissafi a Amurka, Alexander Bogomolny, ya buɗe shafin Cut the Knot, ya yi ta cika shi da ɗaruruwan ƙananan manhajoji. Ka kama kusurwar zane ka ja, ka ga yadda ƙa'idar take aiki da idonka, ba haddar allo ba. A 1999 ma Jami'ar Jihar Utah ta fara nata laburaren, NLVM, don 'yan makaranta. Dukansu a kan Java aka gina su, wadda a lokacin sai ka ɗora ta a burauzar kwamfuta kafin su yi aiki.

To, sai wayoyi suka shigo. Burauzar iPhone da ta Android ba su taɓa karɓar irin waɗannan manhajojin ba. A kwamfuta kuma masu kutse sun mayar da wannan ƙofa hanyar shiga, don haka Chrome ta rufe ta a Satumban 2015, Firefox ta bi sahu a Maris 2017. Flash ma, wadda wasu suka dogara da ita, ta bi su a ƙarshen 2020.

Ni dai ban ga laifin rufewar ba, na san ɓarnar da virus ke yi. Amma wa zai sake rubuta aikin shekara da shekaru? Masu ma'aikata da kuɗi, irin su GeoGebra da PhET ta Jami'ar Colorado, sun koma HTML5, shi ya sa yau suke buɗewa a wayarka. Bogomolny kuwa mutum ɗaya ne, ya rasu a 2018. Bayanansa na nan, tsofaffin zanukan ne suka daskare.

Don haka in ka ci karo da farin filin nan, kar ka bari a yi wa wayarka filashin, kar kuma ka sauke wata manhaja da ta ce za ta saka maka Java. Malam dai GeoGebra na ɗora masa, ban karɓi ko sisi ba.