Haƙurin Kwana Uku da Zafin Shekaru: Nazari kan Makokin Iyayen da Aka Kashe wa Yaro

Tsakure: Maƙalar ta auna tsarin ta'aziyyar Hausawa da abin da binciken ƙwaƙwalwa ya gano game da iyayen da aka kashe wa ɗa. Ta ɗauki shari'ar Hanifa ta Kano a matsayin misali, ta nuna cewa zaman makoki yana watsewa tun kafin zafin kisa ya fara cin mai shi.

A watan Disamba na 2021 aka sace Hanifa, 'yar shekara biyar, tana dawowa daga Islamiyya. An nemi fansar naira miliyan 6. Sai a watan Janairun 2022 aka tono gawarta, aka kuma gano cewa mai makarantar bokon da take zuwa ne ya ba ta shinkafar ɓera. Kano ta girgiza, gidan iyayenta ya cika da masu gaisuwa, manya da ƙanana.

Bahaushe ya iya wannan ɓangaren. Ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta su ɗauke wa uwa girki, kowa ya zo da "ya haƙuri?" da "Allah Ya sa mai ceto ce". Bayan kwana uku a naɗe tabarma. Wasu gidaje su yi sadakar bakwai da ta arba'in. Tsari ne mai kyau, amma an gina shi ne a kan mutuwar zazzaɓi da ta tsufa, wadda ba ta da wanda za a nuna da yatsa.

Kisa daban ne. Likitan ƙwaƙwalwa Edward Rynearson na Amurka, a littafinsa na 2001 kan mutuwar tashin hankali, ya bayyana yadda dangi ke maimaita hoton mutuwar a zuci ko da ba su gani da ido ba: me ya ji, wa ya kira, ya yi kuka? Hoton yakan danne sauran abubuwan da ake tunawa da yaron, har uwa ta kasa tuna dariyarsa sai ƙarshensa. Wani bincike da aka yi a Denmak, aka buga a mujallar Lancet a 2003, ya gano cewa haɗarin mutuwa yana ƙaruwa ga iyaye mata bayan rasa ɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa dogon jimami cikin kundin cututtukanta na ICD-11, idan ya wuce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwa.

A nan kalmar haƙuri take da fuska biyu. Tana riƙe mutum, tana kuma iya rufe masa baki. Uwar da ta ci gaba da kuka bayan arba'in sai a fara cewa tana jayayya da ƙaddara, in ɗan fari ne kuwa alkunya ta hana ta ko ambaton sunansa. Uba ya koma kasuwa kamar ba a yi ba. Alhali Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, abin da masu cewa "ya isa haka" kan manta. Masu bincike Margaret Stroebe da Henk Schut sun nuna a 1999 cewa mai makoki yana kai-kawo ne tsakanin fuskantar rashin da komawa harkokin yau da kullum, kuma dukansu lafiya ne.

Sai kotu. An yanke wa mai makarantar da wani da ya taimaka masa hukuncin kisa a watan Yulin 2022, wato cikin sauri idan aka kwatanta da yadda shari'o'i ke jan ƙafa. Gwamnan Kano na lokacin, Ganduje, ya yi alkawarin sa hannu a kan hukuncin, sai dai gwamnonin Najeriya ba kasafai suke sa hannu a takardar rataya ba, ga kuma ɗaukaka ƙara. Kowane zama, kowane bidiyo da ya sake yawo a Facebook, fami ne ga iyayen.

A 1978 Robert da Charlotte Hullinger suka kafa ƙungiyar iyayen da aka kashe wa 'ya'ya a birnin Cincinnati na Amurka bayan kisan 'yarsu, don iyaye su zauna da waɗanda suka ɗanɗana irin wannan ɗacin. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kuma Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, amma uwar da ba ta barci ba za ta je inda za a ce ta haukace ba. Wurin da take zuwa da ƙafarta shi ne Islamiyyar matan aure, kuma malamar da ke can ita ya kamata a koya wa alamomin dogon jimami da lokacin da ya dace a tura mutum ga likita.